Sharhi: Silver Spring, garin da ba shi da magajin gari

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wanda ya fito daga birnin Washington na Amurka ya miƙe arewa a kan titin Georgia Avenue, da wuya ya lura da inda birnin ya ƙare. Gidaje na nan jere, motoci na ta kaiwa da komowa, sai kawai allo ya nuna masa ya shiga jihar Maryland. Wurin da ya taka ƙafa shi ne Silver Spring, gari mai dogayen benaye da tashar jirgin ƙasa da manyan ofisoshin gwamnati. Amma da zai ce a kai shi wurin magajin gari, ba za a sami inda za a kai shi ba. Silver Spring ba ta da magajin gari, ba ta da majalisa tata, doka ma ba ta shata mata iyaka ba. Gundumar Montgomery ce ke riƙe da ita kai tsaye daga hedikwatarta da ke Rockville. 'Yan sanda na gunduma ne, makarantu na gunduma, haka kwasar shara da izinin gini.

Saboda rashin iyakar nan, yawan mutanen garin ma ya danganta da wanda aka tambaya. Hukumar ƙidaya ta ja wa kanta layi a kan fili kimanin murabba'in kilomita 20, ta ƙirga mutum 81,015 a shekarar 2020, ƙari a kan 71,452 na 2010. Gidan waya kuwa yana rubuta sunan Silver Spring a kan unguwanni masu nisa can arewa, irin su White Oak da Colesville, kuma idan aka haɗa da su adadin ya ninka fiye da sau biyu. Ƙasar wurin tudu da gangare ce, rafin Sligo ya ratsa ta, rafin Rock Creek kuma na yamma da ita.

Tarihin ya faro ne a 1840, lokacin da Francis Preston Blair, ɗan jarida kuma na hannun daman shugaba Andrew Jackson, ya ci karo da wani marmaro mai yashi mai ƙyalli kamar azurfa. Ya sayi filin, ya gina gida a 1842, sunan gidan, Silver Spring, wato marmaron azurfa, ya zama sunan garin. Bayi ne suka yi masa aikin gonar, kuma bai kamata a tsallake wannan ba. Ɗansa Montgomery Blair ya riƙe hukumar gidan waya a gwamnatin Abraham Lincoln, gidansa kuma ya ƙone a watan Yulin 1864 ana cikin yaƙin basasar Amurka, lokacin da dakarun Kudu ƙarƙashin Janar Jubal Early suka kawo farmaki bakin Washington. Jirgin ƙasa ya iso a 1873, daga nan gonaki suka fara zama filayen gidaje. A 1938 aka buɗe gidan silima da rukunin shaguna masu wurin ajiye motoci a gabansu, abin da yake sabo a wancan zamani. Kasuwa ta yi ta bunƙasa har 1960, da aka buɗe babbar cibiyar saye da sayarwa a Wheaton ta janye masu saye. Tsakiyar gari ta yi sanyi shekara da shekaru, duk da jirgin Metro na zirga-zirgar birnin Washington da kewaye da ya iso a 1978, sai bayan 2000 ta farfaɗo da kuɗin gunduma da na 'yan kasuwa.

Yau a can hedikwatar hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka take, haka babban ofishin cocin Adventist na duniya. A unguwar Fenton Village, mutum zai bi layi guda ya wuce gidajen abincin Habashawa ɗaya bayan ɗaya, ana gasa gahawa a gaban baƙo, ana kawo injera, wato gurasarsu, a faranti guda a ci tare. Ga mutanen El Salvador, ga 'yan Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya da Kamaru, ga cibiyar Musulmi a titin New Hampshire Avenue da ke cika ranar Juma'a. Duk wanda ya san Mararraba a bakin Abuja ya san irin wannan zama: kwana a wata jiha, aiki a babban birnin tarayya.

Masu goyon bayan tsarin zama ba magajin gari suna cewa ina amfanin ƙarin hukuma da ƙarin haraji, tunda fitila na ci, famfo na zuba, makarantu na aiki? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin Montgomery gunduma ce mai arziki, mai mutum sama da miliyan 1. Amma ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne labarin Lyttonsville.

Lyttonsville unguwa ce a yammacin Silver Spring, wadda Samuel Lytton, baƙar fata mai 'yanci, ya kafa a 1853. A farkon ƙarni na 20, masu yanka filaye a sauran unguwannin garin sun riƙa rubutawa a takardar ciniki cewa ba a sayar wa baƙar fata, ba a ba shi haya. Matan Lyttonsville kan tsallaka wata siririyar gada a kan layin dogo, gadar Talbot Avenue, su je aikatau a gidajen da ba za a bar su su kwana a matsayin masu gida ba. Da yamma su dawo unguwar da ba kwalta, ba ruwan famfo, ba magudanar bayan gida. Haka aka zauna har wajen ƙarshen shekarun 1960, a gefen babban birnin ƙasar da ta fi kowace arziki a duniya. Hukuma ɗaya ce ke kula da ɓangarorin gadar biyu. Ta shimfiɗa wa wannan gefe bututu, ta kau da kai daga wancan, kuma mutanen ba su da wata majalisa a kusa da za su je su buga wa ƙofa. Sai da suka yi shekaru suna sintiri zuwa Rockville kafin a waiwaye su.

Ba ina cewa magajin gari ne maganin kowace cuta ba, garuruwa masu magajin gari da yawa sun yi irin wannan zalunci. Sai dai ku dubi maƙwabciyarsu Takoma Park, wadda mutanenta ba su kai dubu 20 ba amma tana da majalisarta da 'yan sandanta. Tun 1992 ta bai wa mazaunanta da ba 'yan ƙasa ba damar jefa ƙuri'a a zaɓen gari, a 2013 kuma ta bai wa 'yan shekara 16. Baƙon da ke zaune a tsallaken titi cikin Silver Spring, yana biyan haya yana biyan haraji, ba shi da wannan dama. Akwai kwamitin ba da shawara na mazauna, amma shawara ce kawai, mai yanke hukunci yana Rockville.

Yanzu sabon gwaji ya zo. Ana gina layin jirgi na Purple Line mai tashoshi 21 daga Bethesda zuwa New Carrollton, ɗaya daga cikinsu a Lyttonsville, kuma dominsa aka rushe tsohuwar gadar a 2019. Inda jirgi ya tsaya, kuɗin haya kan tashi. A 2023 majalisar gundumar ta yi dokar da ta hana ƙarin kuɗin haya wuce kashi 6 cikin 100 a shekara, amma ta keɓe sababbin gine-gine na tsawon shekara 23, alhali irinsu ne za su tsiro a bakin tashoshin. 'Yan majalisar su 11 ne a kan mutum sama da miliyan 1, kuma ya zama wajibi su sake duba wannan keɓewa tun kafin jirgin ya fara ɗaukar fasinja.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba, a huta lafiya.