Fayil ɗinka yana nan, ffmpeg ne ba a gani ba

Salamu alaikum jama'a, daga nan Jos, inda sanyi ya hana mu wankan asuba. Kwana biyun nan hoton allo iri ɗaya ake ta turo min. Mutum ya ɗora Whisper, manhajar nan da OpenAI ta fitar a 2022 mai mayar da magana rubutu, ya ba ta saƙon murya na WhatsApp, sai ga kuskure ya fito: "WinError 2, The system cannot find the file specified." Wato an nemi fayil an rasa.

Daga nan sai a hau canza wa fayil suna, a kwashe shi daga wannan folda zuwa waccan. Wani har sake sauke shi ya yi, data ta tafi a banza.

Ku dakata. Fayil ɗin sautin ba ruwansa.

Whisper ba ta buɗe sauti da hannunta, aike take yi. A cikin Python, yaren kwamfutar da aka rubuta Whisper da shi, akwai abin da ake kira subprocess, ku ɗauke shi kamar yaron aike. An ba shi masara an ce ya kai niƙa. Mai niƙan shi ne ffmpeg, wata manhaja daban mai sarrafa sauti da bidiyo, shi yake narke sautin ya mayar da shi layi ɗaya (mono) a kan 16,000 Hz, yadda Whisper take so. Yaro ya zaga ya dawo ya ce bai samu ba. Me bai samu ba? Masara ai tana kansa! Injin ne bai gani ba. Saƙon kuskuren kuma bai faɗi sunan abin da ya ɓata ba, ni dai a nan nake ganin laifin Windows.

Gwaji ɗaya ya isa. Ku buɗe cmd, baƙar tagar Windows da ake rubuta umarni a ciki, ku rubuta where ffmpeg. In bai nuna muku adireshi ba, to kun kama ɓarawon.

Af, masu cewa "ai na yi pip install ffmpeg", Allah ya ba ku haƙuri, wannan ba ya kawo injin. Daban ake sauke shi.

Yaron nan kuwa ba ya bin gida gida. Jerin unguwanni, wato foldodi, aka rubuta masa, sunan jerin PATH. In ban da foldar da kuke ciki da 'yan foldodin Python da Windows, iyakarsa ke nan. Ko ffmpeg yana zaune a Downloads, in ba ya cikin jerin, kamar babu shi ne.

Ga yadda za a sa shi cikin jerin. A sauke ffmpeg, a warware ƙunshin, a shiga foldar bin da ke ciki, a kwafi adireshinta. Adireshin foldar fa, ba na ffmpeg.exe ba. A nemo Environment Variables a saitin Windows, a zaɓi Path, Edit, New, a manna adireshin, OK.

Yanzu a rufe cmd a sake buɗewa. Mai amfani da VS Code, manhajar rubuta kod, ma ya rufe shi gaba ɗaya, don tsohuwar taga tsohon jeri take riƙe da shi. Ni kaina na taɓa ɓata yamma guda a kan wannan, shayina har ya huce.

To yaushe ne laifin fayil ɗin? In kun ga "Failed to load audio" tare da "No such file or directory". Nan yaro ya isa wurin mai niƙa, masarar ce babu. Ku duba ko kuna cikin foldar da fayil ɗin yake, ko ku rubuta cikakken adireshinsa. In a cikin Python kuke rubuta adireshin, ku sa ƙaramin r kafin alamar zance ta farko, domin in foldarku ta fara da n, Python zai karanta \n a matsayin sabon layi. Da an gyara, sai rubutu ya fara fitowa.