Yadda karcen da ke jikin tsinin dutse ke tona asirin maharbi

Salamu alaikum ya jama'a, 'yan uwa na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, ku kalli ɗan dutsen nan da ke allo, bai kai tsawon yatsa ba. To ya akai masana suka san kan kibiya ne ba abin yankan nama ba?

Amsar tana a maikuroskof, wato madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, amma maikuroskof kaɗai ba ya magana. Wani ɗan Rasha Sergei Semenov ne ya buɗe wannan hanya, littafinsa ya fito 1957. Dabarar ita ce ka fasa dutse da hannunka ka fitar da tsini irin na mutanen da, ka ɗaure shi a kyauro da jijiya da ƙaro, ka harbi gawar dabba, sai ka zo ka ɗora naka da nasu ka gwada. In tsini ya daki ƙashi ba karyewa kawai yake ba, ɓantarewa yake daga baki ya zaro ƙasa, guntun da ya ɓalle kuma yana gogar jikin dutsen ya bar wasu siraran layuka masu sheƙi duk sun miƙe gefe ɗaya, wato hanyar da kibiyar ta bi. Wanda ya sha yankan fata kuwa bakinsa dakushewa yake ya yi sumul.

Saidai fa akwai yaudara, an zuba duwatsu a ƙasa an kora shanu sun tattake, wasu ƙalilan suka fito da irin wannan ɓantarewar. Shi yasa ni in naji an yanke hukunci da dutse ɗaya tal bana saurin yarda.

Abin ma a gida yake. Jabal Sahaba kusa da Wadi Halfa a arewacin Sudan, maƙabarta ce mai shekara 13,400 aƙalla, ayarin Fred Wendorf, wani masanin tono kayan tarihi ɗan Amurka, ya tono ta a shekarun 1960 kafin ruwan dam ɗin Aswan ya cinye yankin. A 2021 aka sake duba ƙasusuwan mutum 61, aka ga raunuka sama da 100 da ba a lura da su ba, wasu da ɓurɓushin dutse maƙale cikin ƙashi har yau. Wasu raunukan sun warke, wasu basu warke ba, a jikin mutum ɗaya, kenan ba yaƙin rana ɗaya bane, farmaki ne ake ta maimaitawa. Ku matso da ido kan hoto na gaba, ga tsagar nan a ƙashi.