Amsoshin Tambayoyinku: Cutar Ƙari a Jijiyoyi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata uwa a Katsina, wadda ta ce ɗanta mai shekara tara yana da tabbai masu launin ƙasa-ƙasa a jiki tun yana jinjiri, yanzu kuma likita ya shaida mata cewa cutar niyurofaiburomatosis ce, wato cutar da ke sa ƙari ya riƙa fitowa a jijiyoyi. Tana tambaya ko ƙannensa za su iya ɗauka daga gare shi, kuma ko an samo maganinta.

To Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan cuta ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba ta da alaƙa da kuturta ko sammu, don haka kada a ware yaron daga 'yan'uwansa. Asalinta matsala ce a ƙwayar halitta. Nau'in da ya fi yawa, wato NF1, yana samun kusan mutum 1 cikin 3,000, kuma wani likita Bajamushe, Friedrich von Recklinghausen, ne ya yi bayaninsa a 1882. Kusan rabin masu ita gado suka yi daga uwa ko uba, sauran rabin kuwa a kansu ta fara, saboda haka yana da kyau likita ya duba ku iyayen da ƙannen nasa.

Game da magani, har yau babu wanda ke kawar da cutar baki ɗaya, amma bincike ya yi nisa. A 1990 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa NF1, suka kuma fahimci cewa aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki don kada su riƙa ninkuwa ba iyaka. Wannan fahimta ce ta kai ga maganin selumetinib, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Afrilun 2020 domin yara 'yan shekara 2 zuwa sama masu ƙari mai zurfi da ya sarƙe jijiya har tiyata ta gagara. A gwajin da aka yi wa yara 50, ƙarin ya ragu a jikin kusan kashi biyu cikin uku na yaran, ciwo ma ya yi sauƙi ga da dama. A Fabrairun 2025 aka amince da na biyu, mirdametinib, ga manya da yara. Magungunan suna da tsada ƙwarai, ba kowane mai cutar ke buƙatarsu ba, kuma suna iya jawo ƙuraje da gudawa.

Abin da ya fi dacewa da ɗanki yanzu, a ganinmu, shi ne ganin likitan yara aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna hawan jininsa, a duba idanunsa saboda ƙari kan fito a jijiyar gani, a kuma lura ko ƙashin bayansa na lanƙwashewa. Idan karatu na ba shi wahala, a sanar da malamansa maimakon a zarge shi da lalaci, domin yawancin lokaci cutar ce ke jawo hakan. Duk ƙarin da ya fara girma da sauri, ya yi tauri, ko yake ciwo har ya hana shi barci, a garzaya asibitin koyarwa ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba, domin wani lokaci yakan rikiɗe ya zama ciwon daji.