Kalandar Ƙungiyarku, a Hannun Wa Take?

Ku buɗe kalandar ƙungiyarku, ku duba taro ɗaya kawai. Ga rana da lokaci, ga wurin haɗuwa, ga sunayen waɗanda aka gayyata da imel ɗinsu, har da wanda ya ce ba zai samu zuwa ba. A tara irin wannan na shekara guda, an gama sanin wa ke ganin wa, a ina, da kuma lokacin da mutum ba ya gida.

In ta Google ko Microsoft kuke amfani da ita, duk wannan yana jibge a kwamfutocin kamfanin. To amma kalanda ba dole sai da kamfani ba. Tun 2007 akwai wata buɗaɗɗiyar ƙa'ida mai suna CalDAV, wadda waya da sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanan) ke bi su daidaita jadawali a tsakaninsu, ko ta waye sabar ɗin.

Sai ku kafa taku sabar. Ƴar kwamfuta irin Raspberry Pi ma ta wadatar. Ku ɗora mata manhajar Radicale in kalanda da lambobin mutane kaɗai kuke so, ko Nextcloud, wadda aka fara a Jamus a 2016, in kuna son har da ajiyar fayiloli. Mai iPhone zai shiga saituna ne kawai ya sa adireshin sabar, sunan mai amfani da kalmar sirri. Mai Android kuwa sai ya sauke manhajar DAVx5.

Daga nan izini a hannunku yake. Sakatare ya rubuta ya goge, sauran mambobi su karanta kawai, na waje kuma a nuna masa cewa ƙarfe huɗu a cike take, ba tare da ya ga da wa za a zauna ba.

Sai dai fa ku riƙe wannan: CalDAV yana kare bayanai a kan hanya idan an sa HTTPS, wato tsarin da ke kulle bayani tsakanin waya da sabar, amma da sun isa sabar, mai kula da ita zai iya karanta komai. Amanar da kuka ɗauke daga kamfani, wani daga cikinku kuka damƙa wa. In hakan bai kwanta muku ba, akwai EteSync, mai kulle bayani tun daga wayar mai shi.

Ga kuma ɗawainiya. Sabunta manhaja naku ne, ajiye kwafi a wani wuri daban naku ne. Kada ku bar makullin sabar a hannun mutum ɗaya tak, ku ba aƙalla biyu tun ranar farko.