Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya a Ɗakin Binciken Maɓoyar HIV

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Ministan Lafiya, 'yan tawagarsa, shugabannin wannan cibiya, likitoci da abokan aiki, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan ɗakin gwaje-gwaje ina yi maka lale marhabin. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka tako da ƙafarka, mun gode.

Kafin mu shiga ciki, ka ba ni dama in faɗi abin da muke nema a nan. Tun da aka fara haɗa magungunan HIV kala uku a 1996, mai shan magani kan ƙa'ida yakan kai matsayin da gwajin jini ba ya ganin ƙwayar cutar, wato ƙasa da kwafi 50 a mililita ɗaya. Wannan babbar nasara ce, domin mutum yana rayuwarsa lafiya. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kai ba. Idan aka daina maganin, ga mafi yawan mutane ƙwayar kan dawo cikin 'yan makonni.

A 1997 masana, ciki har da ayarin Robert Siliciano na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, suka gano inda take laɓewa. Tana cusa DNA ɗinta, wato sinadarin gadonta, cikin ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 masu hutawa, ta yi lamo. Magani ba ya taɓa ta a can, garkuwar jiki ma ba ta ganin ta. Kafin rabin wannan maɓoya ya zaizaye sai an yi kusan wata 44, ke nan jiran ta ƙare da kanta zai haura shekara 70.

To, a ina za a auna ta? Jini ne mafi sauƙin ɗiba, shi ya sa kowa ya fi dogara da shi. Amma kusan kashi 2 cikin 100 kacal na irin waɗannan ƙwayoyin garkuwa ne ke yawo a jini. Bangon hanji kuwa cike yake da su, kuma a can cutar take fara ɓarna tun makonnin farko na kamuwa. Bincike ya sha nuna cewa DNA ɗin HIV ya fi yawa a ƙwayoyin CD4 na hanji fiye da na jini, ko da mutum ya yi shekaru yana shan magani. Don haka muke amfani da siririyar na'ura mai kyamara mu tsinko ɗan nama daga bangon hanji, mu kwatanta da jinin mutum ɗin. Aikin ba daɗi gare shi ba, kuma waɗanda suka yarda aka yi musu sun fi mu cancantar tafi.

Ƙirgar ma da wuya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na DNA ɗin da ake samu gurgu ne, ba zai sake haifar da ƙwaya ba. Gwajin PCR na yau da kullum, mai ƙirga DNA, yakan haɗa gurgu da lafiyayye, adadi ya kumbura. Gwajin da ake tayar da ƙwayar a kwalba kuma yana cin jini mai yawa da makonni, sannan ya ba da adadi ƙasa da na gaskiya. Gwajin IPDA da aka fitar a 2019 yana ware lafiyayyun, shi muke son ƙwarewa a kai. Ba mu manta da yarinyar nan ta jihar Mississippi a Amurka ba, wadda aka haifa da HIV, ta yi wata 27 ba magani gwajin jini na yau da kullum bai ga ƙwayar ba, sai ga ƙwayar ta dawo a 2014.

Ranka ya daɗe, tunda ga ka a gabanmu, za mu miƙa kokenmu. Muna buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, domin firizarmu dole ta zauna a digiri 80 ƙasa da sifili, in ta narke aikin watanni ya tafi. Muna kuma roƙon horo ga matasan ma'aikatanmu.

Bismillah, ranka ya daɗe, ga riga da safar hannu, mu fara da ɗakin da ake karɓar samfuri.