PPI: Kuɗin da bankunan Birtaniya suka karɓa ba bisa ƙa'ida ba, da ƙofofin da suka rage

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Landan nake magana. Yau ba fita za mu yi ba, a ɗaki za mu zauna da takardu, don maganar ta kuɗi ce, kuma kuɗin na mutanenmu ne.

Duk wanda ya zauna ƙasar nan tsakanin 2011 da 2019 ya san haruffan nan uku, PPI. Rediyo ta dame ka da su, talabijin ta dame ka, ga kiran waya ba dare ba rana ana ce maka kana bin banki kuɗi. Da yawa cikin mutanenmu sun ɗauka damfara ce suka kashe waya. Wasu masu kiran kam 'yan damfarar ne, amma asalin maganar gaskiya ce. Daga Janairun 2011, bankuna da kamfanonin katin bashi sun mayar wa jama'a sama da fam biliyan 38. Bankin Lloyds shi kaɗai abin ya ci masa kusan fam biliyan 22.

To mece ce PPI ɗin? Inshora ce da ake liƙa wa bashi. Ka karɓi rance, ko katin bashi, ko bashin gida, ko na mota, ko katin kanti, sai a ce ga inshorar da za ta riƙa biya maka idan ka kwanta ciwo, ko ka yi hatsari, ko aka sallame ka daga aiki. A baki abu ne mai kyau, kuma akwai waɗanda ta amfana. Matsalar tana wajen yadda aka sayar da ita. Hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta ƙiyasta an sayar da irin wannan inshora har miliyan 64, akasari tsakanin 1990 da 2010. Wani an ce masa in bai saya ba ba za a ba shi rancen ba, alhali ba dole ba ce. Wani an saka masa bai ma sani ba, an riga an cika masa gurbin a fom kafin ya sa hannu. Wani ɗan fansho ne, wani ɗalibi, wani ba shi da aikin da za a sallame shi daga gare shi. Wani yana da ciwo tun kafin ya saya, ba a gaya masa cewa inshorar ba ta biyan tsohon ciwo ba.

Bari in matso da kyamara ku ga yadda abin yake ɓuya. Wannan tsohuwar takardar katin bashi ce, na rufe sunan bankin da na mai katin da izininsa. Ku dubi nan ƙasa, bayan jerin sayayya, kafin layin kuɗin ruwa. Ɗan layi ne guda, da ƙananan haruffa: kwabo 79 a kan kowane fam 100 da ake bin ka. Idan ana bin ka fam 2,000, kusan fam 16 ke nan duk wata, kuma ana ɗora shi kan bashin, shi ma ruwa ya hau kansa. Mutumin da ya dawo daga aikin dare a gajiye, adadin da zai biya kawai yake dubawa, ya ninke takarda ya jefa a durowa. Haka ake shafe shekaru.

Mai wannan takarda dattijonmu ne, direban tasi, ya daɗe a ƙasar nan. A 2018 muna fitowa daga Juma'a ya ja ni gefe, ya rage murya kamar zai faɗi wani abin kunya, ya ce, “Ɗana, wannan abu da suke ta faɗa a rediyo, ya shafi irinmu?” Na ce, “Baba, kun taɓa cin bashin banki?” Ya yi jim, sannan ya ce ya taɓa, lokacin da zai sayi motar aiki. Washegari ya zo da wata tsohuwar jakar leda cike da takardu, har da rasit ɗin gareji da katin asibiti. Muka baje su a kan kafet. Can cikin yarjejeniyar rancen muka ga an haɗa masa kuɗin inshorar gaba ɗaya a dunƙule, an ɗora kan uwar kuɗin tun ranar farko, yana ta biyan ruwa a kai. Ga shi kuma mai aikin kansa ne, ba wanda ya ɗauke shi balle ya sallame shi, kuma sharuɗɗan da aka gindaya wa irinsa sai ya rufe sana'ar kacokan kafin a waiwaye shi. Na ce, “Baba, da za ku sa hannu an tambaye ku aikin da kuke yi?” Ya ce, “Sun sani sarai, ai motar tasi na ce musu zan saya.”

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rage muryar nan da ya yi. Mu Hausawa bashi sirri ne a wurinmu, balle bashin banki mai ruwa. Mutum ya gwammace ya yi asara da a ji cewa ya taɓa karɓa. Ina ganin wannan kunyar ta sa gidaje da yawa cikinmu ba su nemi haƙƙinsu ba, kuma har yau abin yana damuna, domin kuɗin gumi ne, na masu tuƙi, da masu gadi, da matanmu masu aikin kula da tsofaffi.

Ba da son ransu bankuna suka fara biya ba. A 2005 ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kyauta, ta shigar da babban koke kan lamarin. A 2009 aka dakatar da sayar da irin ta dunƙulen nan a kan rancen da ba jingina. Da hukumar wancan lokacin, FSA, ta fitar da ƙa'idojin duba koke-koke, sai ƙungiyar bankunan Birtaniya ta garzaya kotu. A Afrilun 2011 Babbar Kotu ta kayar da su, ba su ɗaukaka ƙara ba. Daga nan aka fara biyan mutane gadan-gadan.

Hanyar neman kuwa ba wuya, kuma ku riƙe ta da kyau, don har gobe ita ake bi a yawancin rigingimu da banki a ƙasar nan. Ka rubuta wa bankin da kanka, ka faɗi abin da aka sayar maka da dalilin da ya sa bai dace da kai ba. Idan takardu sun ɓace, doka ta ba ka damar neman bayanan da suke ajiye da su a kanka, kyauta, kuma a ƙa'ida cikin wata guda za su ba ka. Banki yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe. Idan ya ƙi, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da wata 6 ka kai ƙara ofishin Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar lauya. Koke-koken PPI da suka je wannan ofishi sun haura miliyan 2, kuma da yawa waɗanda banki ya kora can suka yi nasara. Shi ya sa kullum nake cewa kada wasiƙar farko ta karya maka gwiwa. Dattijon nan ma da farko hana shi aka yi, sai da muka wuce gaba. Idan an amince, ana mayar maka da kuɗin inshorar da ka biya, da ruwan da ya hau kansu, da ƙarin kashi 8 cikin 100 na kowace shekara. Sai dai idan akwai tsohon bashin da ka gaza biya a wannan asusun, suna iya cire nasu tukuna.

Masu kiran wayar nan fa? Dillalai ne, kamfanonin da ke cike maka fom ɗin da kai ma za ka iya cikewa, su yanki kashi 25 ko 30 na abin da aka ba ka. Sai a Yulin 2018 doka ta taƙaita su a kashi 20, ban da harajin VAT. Ba su da wata ƙofa ta musamman a banki, layi ɗaya kuke bi.

Yanzu ga ɓangaren da mutane ba su cika sani ba. Wata mata, Susan Plevin, ta karɓi rancen fam 34,000 a 2006, aka haɗa mata inshorar fam 5,780. Ashe kashi 71.8 na kuɗin inshorar kamasho ne da mai ba da rancen da dillali suka raba, ba wanda ya gaya mata. Kamar ka aiki mutum ya auno maka mudu goma na gero, ya ɗebe bakwai ladan aike, ya miƙo maka uku bai ce uffan ba. A Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli ta ce ɓoye kamasho mai yawa haka rashin adalci ne a ƙarƙashin dokar bashi ta 1974. Bayan wannan hukunci FCA ta ce duk inda kamasho ya wuce kashi 50 ba a faɗa ba, a mayar wa mutum abin da ya haura. Kuma matsakaicin kamashon da bankuna ke karɓa kashi 67 ne. Ma'ana ko da kai ka nemi inshorar da bakinka, kana iya samun wani abu.

Sai aka sa wa'adin shigar da koken PPI: 29 ga Agustan 2019. Shekara biyu FCA tana talla da kan mutum-mutumin Arnold Schwarzenegger yana yi wa mutane tsawa su yanke shawara. Ranar ta zo ta wuce. Gaskiyar da zan gaya muku ita ce, ga mafi yawan mutane, hanyar banki da Ombudsman ta rufe, sai wanda ke da uzuri mai ƙarfi kamar tsananin rashin lafiya da ya hana shi nema a kan lokaci, ko wanda aka sayar wa bayan 29 ga Agustan 2017. Duk wanda ya kira ka yau ya ce ka fara biyan wani abu zai karɓo maka kuɗin PPI, kashe wayarka.

Amma wa'adin FCA bai ɗaure kotu ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu masu nauyi. A Oktoba, a shari'ar Smith da bankin RBS, ta ce shekara 6 na shigar da ƙara suna fara ƙirguwa ne daga ranar da hulɗar bashin ta ƙare, ba daga ranar da aka daina biyan inshorar ba. Wanda ke riƙe da tsohon katinsa har yanzu, ko bai daɗe da rufe shi ba, ya lura da wannan. A Nuwamba kuma, a shari'ar wata mata mai suna Potter da kamfanin Canada Square, inda kamashon ya haura kashi 95, ta ce tunda da gangan aka ɓoye, lokaci bai fara tafiya ba sai da matar ta gano. Wannan hanya ta kamasho ce kaɗai, kuma kotu ba kamar Ombudsman ba ce: akwai kuɗin shigar da ƙara, lauyoyi suna yankar kaso mai tsoka, kuma wanda aka riga aka mayar wa kuɗinsa duka ba shi da sauran abin nema. Kafin ka sa hannu a takardar kowane lauya, je Citizens Advice na unguwarku, kyauta ne, kuma ka tambayi nawa za a cire idan an ci, me zai hau kanka idan an faɗi.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini, kuma dattijon nan ma ita ya fara yi da kuɗinsa suka shigo: “Wannan kashi 8 ɗin ba riba ba ce?” Tare muka je wajen malaminmu. Ya ce kuɗin inshorar da ruwan da aka caje ka a kai dukiyarka ce ta dawo, ka ci abinka. Ƙarin kashi 8 kuwa, shi a fahimtarsa a fitar da shi a bai wa mabuƙata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Wasiƙar banki tana rarrabe kowane kaso a layinsa, don haka lissafin ba ya rikicewa. Kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi, amma don Allah kada tsoron kason nan ya sa ka bar wa banki uwar kuɗinka.

A kan wannan kashi 8 ɗin ne kuma banki ke cire harajin kashi 20 kafin ya biya ka. Tun Afrilun 2016 mai biyan haraji a matakin farko yana da damar samun kuɗin ruwa har fam 1,000 a shekara ba haraji, wanda ke mataki na sama fam 500. Mutane da yawa an cire musu abin da bai kamata ba. Ana neman sa a hukumar haraji ta HMRC da fom mai suna R40, da kanka, kyauta, amma cikin shekara 4 daga ƙarshen shekarar harajin da aka biya ka, kuma shekarar haraji a nan 5 ga Afrilu take ƙarewa. Wanda aka biya tun 2019 lokacinsa ya wuce. Wanda shari'arsa ta ja har aka biya shi a baya-bayan nan, ya duba kwanan watan wasiƙarsa yau.

Masu tuƙi kuma, ku saurara. Irin wannan ɓoye kamasho ya sake fitowa a bashin mota. A Janairun 2021 FCA ta haramta tsarin da dilan mota ke ƙara maka kuɗin ruwa don kamashonsa ya ƙaru, kuma a Agustan 2025 Kotun Ƙoli ta ba wani mutum mai suna Johnson gaskiya a kan kamashon da ba a bayyana masa yadda ya kamata ba. Tuni dillalai suka fara kira. Idan ka taɓa sayen mota da bashi daga 2007 zuwa nan, nemo yarjejeniyar, ka duba sunan kamfanin da ya ba da kuɗin, ba sunan garejin ba, ka rubuta musu da kanka ka tambaya ko akwai kamasho a cikin yarjejeniyarka da nawa ne. Ka riƙe kwafin wasiƙar da ranar da ka aika. Idan Turancin takardun ya yi maka nauyi, ka sa ɗanka ko wani amintacce cikin 'yan uwa ya zauna da kai ku karanta tare.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. Wassalamu alaikum.