Jirgin ƙasan yara na Budapest

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo: asalin jirgin ƙasan yara na Budapest, babban birnin Hangari, yadda yara ke tafiyar da shi, sai abin da ya same shi bayan rushewar gurguzu.

Na farko, asali. Dabarar daga Tarayyar Sobiyet ta fito, tun 1935 aka buɗe irinsa a Tbilisi ta ƙasar Jojiya. Hangari ta ɗauka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An buɗe kashin farko a 1948, aka ƙarasa a 1950, ƙaramin layi ne mai tsawon kilomita 11 da ɗoriya a cikin dajin tuddan Buda, daga Széchenyi-hegy zuwa Hűvösvölgy. Don Allah kada wanda ya ce in maimaita. (Dariya)

To ga inda nake son zuwa. Jama'a, ba jirgin wasa ba ne. Jirgi ne na gaske, mai tarago, mai fasinja, mai jadawali, kuma kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, MÁV, shi ke riƙe da shi. Amma mai sayar da tikiti yaro ne. Mai duba tikiti yaro ne. Mai canja layi, mai ba da sigina, duk yara ne 'yan shekara 10 zuwa 14, maza da mata. Shekara goma fa! Ku duba, layi ɗaya ne tilo, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha. Wato kafin yarinya ta ɗaga alama ta sallami jirgi, sai ta tabbatar daga tashar gaba cewa hanya a buɗe take. Jirgi na motsawa, sai ka ga sun ƙame cikin yunifom da hula, sun sara masa kamar sojoji. Tuƙi kam sai babba, kuma akwai manya da ke sa ido a tashoshi, amma aikin a hannun yaran yake. Na ce a hannunsu yake. Kuma ba kowane yaro ake ɗauka ba, sai mai ƙoƙari a aji. Ya yi watanni yana koyon ƙa'idojin jirgi, ya ci jarrabawa, sannan wajen sati biyu-biyu makaranta ta ba shi rana guda ya je aiki. Alhaji na ga kana girgiza kai, naka ko aike kanti sai an bi shi da waya ko? (Dariya)

Na uku, a gurguje: a da sunansa jirgin ƙungiyar matasan jam'iyyar gurguzu ne, a 1990 aka mayar da shi Jirgin Yara kawai, aka daina ɗaura jan ƙyalle a wuya. Eh, malama, bismillah.

Tambaya: Malam, ka ce ƙaramin layi, ƙanƙantarsa nawa ce?

Yauwa. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 760 ne, tsohon layinmu na Legas zuwa Kano kuwa 1,067. Kin ma tuna mini, mu ma mun taɓa yin kusan irinsa, mai milimita 762, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru. Turawa suka shimfiɗa shi don kwasar kuza, ya isa can a 1914. Jirgin Bauchi ake kiransa, alhali bai taɓa taka garin Bauchi ba. An rufe shi a 1957, lokacin na Budapest yana ɗan shekara tara. Akwai 'yan Zariya a nan? Ku tambayi tsofaffinku ta inda ya bi.